Turje wa kamun ɗan sanda: me ya sa wani ke cin afil, wani kuma kotun sama ta tabbatar mishi da hukunci?

Duk lokacin da bidiyo ya fito na ɗan sanda da farar hula suna kokawa a bakin titi abu biyu ne ke biyo baya. Na farko hukumar 'yan sanda ta fito ta tuna wa jama'a sashe na 98 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wanda ya ce duk wanda ya daki ɗan sanda ko ya tare shi ko ya turje mishi yana bakin aikinsa, ko ya zuga wani ya yi hakan, to tarar naira 500,000 ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Na biyu kuma gardama ta ɓarke a Facebook da majalisun unguwa, wannan ya ce ai kamun ma ba bisa ƙa'ida aka yi shi ba, wancan ya ce ko ma yaya aka yi shi ba a jayayya da mai kaki. In abin ya kai kotu aka yanke wa mutum hukunci sai ka ji dangi na cewa ba komai za mu yi afil, manyan alƙalai za su ji gaskiyar abin da ya faru.

Toh a nan ruɗanin yake. Mutane da yawa a nan Zariya sun ɗauka ɗaukaka ƙara na nufin a sake shari'a daga farko, a kira shaidu, a ba mutum dama ya faɗi abin da bai faɗa ba a baya. Ba haka abin yake ba, kuma rashin sanin wannan ne ke sa a ga shari'u biyu da a ido iri ɗaya ne, ɗaya an soke hukuncin ɗaya an bar shi yadda yake, sai a fara zargin ko an ba da wani abu.

Menene laifin a takarda

Ban da sashe na 98 ɗin nan akwai Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, wadda Arewa ta fara aiki da ita tun 1960 kuma jihar Kaduna ta yi wa tata garambawul a 2017. Tana da laifuka 'yan uwan juna: turje wa kamun halal da gangan, tserewa daga hannun hukuma, hana ma'aikacin gwamnati yin aikinsa, da yin amfani da ƙarfi a kansa. Kowanne da abin da ake buƙata a tabbatar, sabida haka abu na farko da lauya zai nema shi ne takardar tuhuma, wato FIR, rahoton farko da 'yan sanda suka kawo wa majistare, ya ga wane sashe aka rubuta.

Amma dai a dunƙule mai gabatar da ƙara sai ya kafa ginshiƙai huɗu. Cewa jami'in hukuma ne, cewa yana cikin aikin da doka ta ba shi damar yi a wannan lokacin, cewa wanda ake tuhuma ya aikata wani abu takamaimai na turjiya ko tarewa, kuma cewa da gangan ya yi. In ɗaya ya rushe tuhumar ta rushe ko da sauran ukun suna tsaye daram. Ba a tara su a ce uku cikin huɗu an ci jarrabawa.

Maganar ganganci tana da nauyi a yankinmu. A ƙaddara mutane uku cikin kayan gida sun dira gidan mutum a Tudun Jukun ƙarfe biyun dare, ba kaki ba katin aiki ba su ce ga ko su wane ne ba, suka cafke shi, shi kuma ya fizge ya yi ihu. A zamanin da masu garkuwa da mutane ke shiga gidaje haka, tambayar ko wannan mutumin ya yi niyyar turje wa kamun hukuma ne ko ransa yake ƙoƙarin tsirarwa tambaya ce da kotu ba za ta tsallake ba, in har an gabatar mata da ita.

Shi kamun kansa ya halatta?

Wannan ne ginshiƙin da aka fi faɗa a kai. Ɗan sanda na da ikon kama mutum ba tare da waranti ba in ya aikata laifi a gabansa ko yana da dalili mai ma'ana na zarginsa, wannan ba a jayayya. Sai dai Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta zana mishi iyaka. Sashe na 35 ya ce dole a faɗa wa mutum dalilin kama shi nan take, sai fa in an same shi yana tsaka da aikata laifin ne ko ana binsa da gudu bayan ya aikata ko ya tsere daga hannu. Sashe na 36 ya hana kama wani a madadin wani, irin a zo neman yaro a rasa shi a tafi da ubansa ko yayansa. Sashe na 32 ya hana kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Ankwa ma ba a sa wa kowa haka nan, sashe na 34 ya ce sai in akwai fargabar faɗa ko gudu, ko don lafiyar shi wanda aka kama, ko kotu ce ta ba da umarni.

Maganar faɗin dalili tsohuwa ce, tun 1947 kotun ƙolin Ingila ta lokacin ta yanke a shari'ar Christie da Leachinsky cewa wanda aka kama yana da haƙƙin sanin dalili. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure kotunanmu a yau amma alƙalai na duba shi don ƙarin haske, tunda tsarin shari'ar daga can muka gada.

Sai dai akwai wani tarko da ya kamata a gane. Ko da kotu ta yarda kamun bai halatta ba, wannan bai wanke mutumin da ya fasa wa ɗan sanda baki ba. Tuhumar turje wa kamun halal tana iya faɗuwa, tuhumar duka ko jin ciwo ta tsaya da ƙafarta, kuma Final Kod ta taƙaita haƙƙin kare kai a gaban ma'aikacin gwamnati mai aiki da kyakkyawar niyya sai in akwai fargabar mutuwa ko mummunan rauni. Shi ya sa lauyoyi ke cewa haramcin kamu makami ne na cikin kotu, a bakin titi ba ya tare harsashi.

Me ake nufi da hujja ta isa

Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa mara laifi har sai an tabbatar da laifinsa, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ce tabbatarwar sai ta wuce duk wani kokwanto mai ma'ana, kuma nauyin yana wuyan mai tuhuma ne. Wanda ake tuhuma ba sai ya tabbatar da cewa bai yi ba. Amma kokwanto mai ma'ana aka ce, ba kowane irin “ai wataƙila” ba, kotunanmu sun sha maimaita abin da alƙalin Ingila Denning ya faɗa a 1947 cewa ba ana nufin sai an kore ko inuwar shakka ba.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yawan shaidu ba shi ne ma'auni ba. Sashe na 200 na Dokar Shaida ya ce ba a ƙayyade adadin shaidun da za su tabbatar da magana ba, sai a wasu laifuka ƙalilan da doka ta ware. Ma'ana ɗan sanda ɗaya tak, shi ne ya yi kamun shi ne kuma ya ce an turje mishi, in majistare ya gamsu da bayaninsa zai iya yanke hukunci a kai, kuma kotun sama ba za ta soke don kawai ba a kawo farar hula ko ɗaya ba. Mutane kan ce ai shi ne mai ƙara shi ne shaida, toh doka ba ta hana wannan ba.

Sabida haka akwai magana biyu da suke kama da juna amma a afil nisansu kaman Zariya da Legas. Ta farko: “ɗan sandan ƙarya ya yi.” Ta biyu: “ko da duk abin da ya faɗa gaskiya ne, bai kai ga laifin da aka rubuta ba.” Ta farko da wuya ta ci afil. Ta biyu ita ce ke ci.

Kotun sama takarda take karantawa

Daga kotun majistare ana tafiya Babbar Kotun jiha, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara reshen Kaduna inda alƙalai aƙalla uku ke zama, daga nan Kotun Ƙoli a Abuja inda aƙalla biyar ke zama. Duk waɗannan ba wanda zai ga fuskar ɗan sandan ko ya ji rawar muryar wanda ake tuhuma. Abin da ke gabansu kundin shari'a ne, wato abin da majistare ya rubuta lokacin da shaidu ke magana, da kayan hujjar da aka karɓa, da hukuncin. Kuma ƙa'idar da suka daɗe a kanta ita ce alƙalin da ya ga shaida da idonsa ya ji shi da kunnensa shi ya fi cancanta ya ce na yarda da shi ko ban yarda ba, su ba sa canza wannan sai in abin da ya yanke ya saɓa wa hujjar da ke cikin kundin ƙarara, ko ya dogara da abin da babu shi, ko ya rufe ido ga abin da yake akwai.

Bari mu kawo misali kusa. A ƙaddara wani matashi mai keke napep ne aka tare shi wajen Kwangila, magana ta yi zafi, washegari ya tsinci kansa gaban majistare ba lauya. Ɗan sanda ya shiga akwatin shaida ya ce na ce mishi ya sauko mu je ofis ya ƙi, na kama hannunsa ya turje. Majistare ya rubuta. Sannan ya ɗago kai ya ce wa yaron ta bakin tafinta, kana da tambayar da za ka yi wa shaida? Yaron ya kalli ƙasa, hannuwansa a baya, ya ce “ranka ya daɗe ba ni da tambaya, amma wallahi ba haka aka yi ba.” A tarbiyyarmu wannan ladabi ne, yaro ba ya tsare babba da tambaya a gaban mutane, kuma shi a zuciyarsa ya musanta, yana jiran a ba shi dama ya yi bayani. A cikin kundi kuwa layi ɗaya ne zai shiga, cewa wanda ake tuhuma bai yi wa shaida tambaya ba. Kuma ƙa'ida ce sananniya a kotunan Najeriya cewa maganar shaida da ba a ƙalubalance ta da tambaya ba kotu na iya ɗaukarta a matsayin an yarda da ita. Wata shida ko shekara bayan nan alƙalin Babbar Kotu zai buɗe shafin ya ga layin nan, ba zai ga sunkuyar da kan ba.

Tambayoyin da yaron bai yi ba su ne shari'ar gaba ɗaya. Yallaɓai ka faɗa min laifin da za ka kama ni a kai kafin ka riƙe ni? Wane laifi ka faɗa? Da ka ce na turje, me na yi da hannuna, me na yi da ƙafata? Na taɓa ka? Ina rigar da aka ce na yaga? Amsoshin waɗannan in suka shiga kundi, lauyan da zai zo daga baya ya samu abin riƙewa.

Akwai kuma matsalar fassara, wadda ba a cika magana a kanta ba. Harshen kundin kotun majistare Turanci ne, shaidu kuwa da yawa da Hausa suke magana. Bahaushe ya bambanta ya ƙi, ya yi gardama, ya cije, ya noƙe, ya sandare, ya fizge, ya ture, ya shaƙe, kowace kalma hoto daban take zanawa, wanda ya noƙe hannu da wanda ya shaƙe wuyan ɗan sanda ba abu ɗaya suka yi ba. Amma in tafinta ya gaji ko yana sauri duk sai su koma kalma ɗaya ta Turanci mai nufin ya turje. Sashe na 36(6) na tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, sai dai in yana da ƙorafi kan fassarar to a wurin ya kamata ya ɗaga shi a rubuta, kotunan sama ba sa son ƙorafin tafinta da aka fara kawowa a gabansu.

Abin lura, wannan kalma ɗaya takobi ce mai kaifi biyu. In duk abin da ke cikin kundi shi ne “ya turje” ba tare da shaida ya faɗi me mutumin ya aikata ba, lauya mai ido zai ce wa kotun sama wannan ba hujja ba ce, shaida ya yanke hukunci ne da bakinsa, aikinsa ya faɗi abin da ya gani kotu ta yanke ko turjiya ce. A irin wannan gurbin ake cin afil.

Sabuwar hujja kuma da ƙyar take shiga. Bidiyon da wani ya ɗauka da waya ranar da abin ya faru, in ba a gabatar da shi gaban majistare ba, kotun sama ba za ta karɓa ba sai an nuna cewa ba yadda za a yi a same shi a lokacin shari'ar duk da an yi ƙoƙari, kuma zai iya canza sakamako. Ko a kotun farko ma ba miƙa waya kawai ake yi ba, sashe na 84 na Dokar Shaida ya gindaya sharuɗɗa kan hujjar da ta fito daga na'ura, ciki har da satifiket mai bayanin na'urar da yadda aka samar da abin.

Inda hukunci ke rushewa

Galibi giɓi ne a ɗaya daga ginshiƙan nan huɗu. Ba a taɓa faɗa a cikin kundi wane laifi aka je kama mutumin a kai ba, ko an faɗa amma bashi ne, ko ɗan uwansa ake nema. Ko shaidun masu ƙara sun saɓa wa juna a kan jigon magana, ɗaya ya ce naushi aka yi ɗaya ya ce ba a taɓa kowa ba gudu kawai ya yi. Saɓani kan ƙarfe nawa ne ko kalar riga ba ya rushe komai, kotuna sun bambanta saɓanin da ya taɓa zuciyar tuhuma da wanda ɗan Adam kan yi don mantuwa. Ko an ce an yaga kaki an ji wa jami'i ciwo amma ba kakin ba takardar asibiti, a nan lauya kan jawo sashe na 167(d) na Dokar Shaida, wanda ya ba kotu dama ta ɗauka cewa hujjar da mutum ke da ita ya ƙi kawowa da ta zo da ba ta yi mishi daɗi ba. Ko kuma majistare bai ko waiwayi kariyar wanda ake tuhuma ba a cikin hukuncinsa, alhali doka ta ce duk raunin kariya sai an duba ta an faɗi dalilin watsar da ita.

Ba kowane kuskure ke jawo a soke hukunci ba, sai wanda ya kai ga tauye adalci. Kuma sokewar ma iri-iri ce, kotun sama na iya sallamar mutum ta wanke shi, ko ta mayar da laifin zuwa ƙarami, ko ta rage hukunci, ko ta ce a sake shari'a. Tun shari'ar Abodundu ta 1959 aka shimfiɗa sharuɗɗan sake shari'a, kuma fahimtar da ake kai ita ce ba a mayar da shari'a don kawai a ba masu ƙara dama su cike ramin da suka bari. In hujja ce ba ta isa ba sallama ce ta dace.

Kowane hawa kuma ƙofar na ƙara tsukewa. Wanda ya faɗi a Babbar Kotu yana son zuwa Kaduna kan maganar hujja ba kan tsantsar doka ba sai ya nemi izinin kotu tukuna, in kuma kotuna biyu suka yi ittifaƙi kan abin da ya faru Kotun Ƙoli ba ta cika taɓa shi ba.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon bayan wannan tsari, ciki har da alƙalai da masu gabatar da ƙara, suna cewa in kotun sama za ta riƙa sake auna gaskiyar kowane shaida daga takarda to shari'a ba za ta taɓa ƙarewa ba, kuma wanda bai ga shaida ba ba shi da abin da zai fi wanda ya gan shi da shi. 'Yan sanda kuma na cewa kamu yawanci a wurin da ba mai son ba da shaida ake yinsa, jama'ar da suka taru suna kallo ba wanda zai zo kotu ya tsaya wa hukuma, in aka ce sai da farar hula to an ba kowa lasisin kokawa da jami'i kenan, su ma kuma mutane ne ana ji musu ciwo ana kashe su a bakin aiki.

Lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma da masu rajin kare haƙƙin ɗan Adam suna kallon abin ta wata fuska. Suna cewa wannan laifin ya bambanta da sata ko zamba sabida wanda aka ce an yi wa laifin, da mai bincike, da shaida, wani lokacin har da mai gabatar da ƙara, duk 'yan gida ɗaya ne, kuma tuhuma ce mai sauƙin ɗorawa a kan mutum bayan an riga an dake shi don a rufe bakin ƙorafinsa. A ganinsu girmama abin da alƙalin farko ya gani yana da ma'ana ne in an gwada shaidar da tambayoyi na gaske, in kuwa mutum ya tsaya shi kaɗai ba lauya to ba abin da aka gwada.

Duka biyun suna da abin kamawa, kuma in aka duba da kyau ba kan ma'aunin afil suka fi saɓawa ba, kan abin da ke faruwa a ranar farko ne a gaban majistare.

Yadda abin yake a Amurka

Can ma'aunin a rubuce yake tun 1979 a shari'ar Jackson da jihar Bajiniya, inda Kotun Ƙolinsu ta ce kotun afil za ta kalli hujja ta fuskar da ta fi yi wa masu ƙara daɗi, sannan ta tambaya ko akwai mai hankalin da zai iya gamsuwa da laifin a kan wannan hujjar. Ma'auni ne mai tsauri ga wanda aka ɗaure, amma duk da haka ana cin afil ta maganar nan ta biyu da muka faɗa, cewa abin da aka tabbatar bai kai ga laifin ba. A jihar Indiyana dokarsu ta ce sai an turje da ƙarfi, shi ya sa a 2009 kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin wani mutum da abin da aka tabbatar a kansa kawai shi ne ya ƙi miƙa hannu a sa mishi ankwa, ta ce ƙin miƙa hannu kaɗai bai kai amfani da ƙarfi ba. Wannan dokar can ce, kada wani ya ɗauko ta ya kawo Sabon Gari, lafazin sashe na 98 namu ya fi faɗi tunda ya haɗa da tarewa, kuma bai ambaci ƙarfi a matsayin sharaɗi ba.

Abin da ya shafi talaka kai tsaye

Na farko lokaci. Afil daga majistare zuwa Babbar Kotu galibi cikin kwana 30 ake shigar da shi daga ranar hukunci, daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ne a shari'ar laifi, daga nan zuwa Kotun Ƙoli kwana 30. In lokaci ya wuce sai an roƙi ƙari an kawo dalili mai ƙarfi. Tsarin mulki a sashe na 36(7) ya ba mutum haƙƙin samun kwafin hukunci cikin kwana bakwai da gama shari'a, kuma wannan takardar ce farkon abin da dangi ya kamata su nema a wurin rajistara, ba zaman jiran sai hankali ya kwanta ba.

Na biyu, shigar da afil ba ya buɗe ƙofar gidan yari da kansa. Mutum ya riga ya zama wanda aka yanke wa hukunci, beli kafin a ji afil sai da dalili na musamman, kuma ɗaya daga dalilan da kotuna ke karɓa shi ne hukuncin gajere ne har mutum zai iya gama shi kafin a saurari ƙarar. A laifin wata shida wannan shi ne ainihin halin da ake ciki, kafin a buga kundi a tura a sa rana sau da yawa mutum ya fito ya koma kan kekensa. Shi ya sa da yawa ke haƙura. Amma sunan wanda kotu ta taɓa samu da laifi yana nan, kuma fom ɗin neman aikin ɗamara ko biza kan tambayi wannan.

Na uku shi ne amsa laifi. Sau da yawa ana raɗa wa mutum tun a caji ofis ko a barandar kotu cewa ka amsa kawai a ci ka tara ka tafi gida yau, in ka musa sai gidan yari kafin beli. Ga wanda ya kwana biyu a sel iyalinsa ba abinci maganar tana shiga. Sai dai wanda ya ce “na aikata” da bakinsa ya sauke wa masu ƙara nauyin kawo hujja, ba shaida ba tambaya ba kundin da za a bincika, daga baya ba zai zo ya ce hujja ba ta isa ba. Abin da ya rage mishi ɗan kaɗan ne, ko ya nuna bai fahimci tuhumar ba, ko abin da ya amsa bai zama laifi a doka ba, ko hukuncin ya wuce ƙima.

Ga wanda ya musa kuwa akwai wata dama tun kafin a je afil, bayan masu ƙara sun rufe shaidunsu lauya na iya roƙon kotu ta sallami mutum ba tare da ya kare kansa ba in an bar wani ginshiƙi ba hujja. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi reshen Zariya, ko sashen taimakon shari'a na tsangayar koyon lauya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, kuma amfanin nemansu ya fi yawa kafin ɗan sanda ya shiga akwatin shaida.

Wanda ya ci afil aka wanke shi, sashe na 36(9) na tsarin mulki ya hana a sake gurfanar da shi kan wannan laifin sai da umarnin kotun sama. Diyya kuwa ba ta biyo hukuncin afil kai tsaye. Sashe na 35(6) na tsarin mulkin ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, amma sai ya shigar da wata ƙara daban ta kare haƙƙi a Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46, kuma a can sai ya nuna kamun ne bai halatta ba, wanke shi da aka yi sabida ƙarancin hujja kaɗai bai wadatar ba.